Ciwon femfigus: yadda yake farawa, yadda yake tafiya, da abin da majinyaci zai sa rai da shi

Femfigus ba ciwo ba ne da ake yawan gani, don haka wanda likita ya ambata masa sunan yakan rasa wanda zai tambaya. In ya leƙa intanet kuma, sau da yawa tsofaffin alƙaluma masu tayar da hankali zai fara cin karo da su. Tambayoyin nan su ne suka fi damun masu fama da ciwon da waɗanda ke jinyarsu. Amsoshin don fahimta ne kawai, hukuncin magani yana hannun likitan fata da ya duba mutum ido da ido.

Mene ne femfigus?

Ciwo ne da garkuwar jikin mutum ke juyowa kansa. Fatar da muke gani ƙananan ƙwayoyin halitta ne jere a kan juna, akwai kuma wasu sinadarai da ke riƙe su kamar yadda siminti ke riƙe bulo a gini. Biyu daga cikinsu su ne desmogilin 1 da desmogilin 3. A jikin mai femfigus, garkuwa tana ƙera makaman da ake kira antibodi, amma maimakon ta harba su kan ƙwayoyin cuta sai ta harba su kan waɗannan sinadaran. Ƙwayoyin fatar su saki juna, ruwa ya taru a tsakaninsu, bororo ya fito. A shekarar 1964 ne wasu masana biyu a Amurka, Beutner da Jordon, suka gano waɗannan antibodi a jinin majinyata, sai a 1991 aka tantance cewa desmogilin 3 ne abin harinsu a babban nau'in ciwon.

Ya fi kama masu shekaru 40 zuwa 60, maza da mata, ko da yake babu shekarun da ya ƙyale. A yawancin ƙasashe 'yan ƙalilan ne cikin mutum miliyan ɗaya ke kamuwa da shi a shekara.

Ana ɗaukarsa daga mai shi? Ana gadonsa?

Ba a ɗauka. Ruwan bororon ba ya ɗauke da wata ƙwayar cuta da za ta sa wa wani femfigus, don haka babu dalilin ware wa majinyaci ɗaki ko ƙin taɓa shi. Gado kuma ba kai tsaye ba ne: akwai wasu siffofin ƙwayoyin gado da ke sa jikin mutum ya fi karkata ga ciwon, shi ya sa aka fi ganinsa a wasu al'ummu kamar Yahudawan Ashkenazi da mutanen Indiya da na gaɓar Bahar Rum, amma akasarin masu ɗauke da siffofin har su tsufa ba su yi ciwon ba. Da wuya ka ga mutum biyu a gida ɗaya suna da shi.

Iri ɗaya ne, ko yana da nau'o'i?

Yana da nau'o'i, kuma sanin nau'in shi ne rabin amsar duk tambayar da za ta biyo baya.

Wanda ya fi yawa shi ne femfigus bulgaris. Shi rabuwar tana faruwa ne a can ƙasan fatar sama, kuma yana kama danshin baki da maƙogwaro da hanci da al'aura, wani lokaci har ido. Na biyu shi ne femfigus foliyashiyus, wanda ke harin desmogilin 1 kaɗai. Rabuwarsa a sama-sama take, ba ya taɓa cikin baki, kuma da wuya ma a ga bororo sosai, sai dai ɓawo da saɓa a fatar kai da fuska da ƙirji da gadon baya. Gabaɗaya ya fi sauƙi, amma kada a raina shi, domin yana iya mamaye jiki duka fata ta yi jawur tana saɓa. Akwai wani reshensa da ya zama ruwan dare a wasu ƙauyukan Brazil, inda yake kama yara da matasa, haka kuma a Tunisiya an lura yana yawan kama mata masu ƙananan shekaru.

Sai nau'in da wasu magunguna ke tayarwa, musamman maganin ciwon gaɓoɓi fenisilamin da maganin hawan jini kaftofiril. Wasu daga cikin masu wannan sukan warke bayan likita ya sauya musu maganin. Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsanani, shi ne mai tafiya tare da ciwon daji. Yana da tasa tambayar a gaba.

Yaya yake farawa?

A femfigus bulgaris, fiye da rabin majinyata daga baki ciwon ke fara musu. Mutum zai ga miki a cikin kunci ko ganda ko dasashi, mai zafi, wanda ya ƙi warkewa. Ba a cika ganin bororo a baki ba, don da ya fito tauna da motsin harshe suke fasa shi. Miki ɗaya na neman rufewa, wani na buɗewa. Buroshi ya taɓa dasashi sai jini. Haɗiya ta zama aiki, murya ta dishe idan abin ya gangara maƙogwaro, mutum ya fara rama saboda ba ya iya cin abinci.

A nan ne ake asarar lokaci mafi yawa, kuma abin yana da ciwo. Mikin baki abu ne da kowa ya saba gani, sai a yi ta ba da maganin kurkure baki, da na kashe ƙwayoyin cuta, da na fumfuna, watanni na wucewa. Sau da yawa sai bororo ya ɓullo a fata, bayan makonni ko watanni, sannan hankali ke kaiwa ga femfigus. Wasu kuma ciwon nasu a baki yake tsayawa, ba ya taɓa sauka fata. Duk mikin baki da ya haura makonni uku zuwa huɗu bai warke ba, musamman in yana da yawa a wurare daban-daban, ya cancanci ƙwararre ya duba shi.

Yaya bororon fata yake, kuma me ya sa ake ganin miki fiye da bororo?

Saboda rufinsa siriri ne ƙwarai. Bororon femfigus ba ya cika ya yi tam kamar na ƙuna. Yakan fito a kan fata mai kama da lafiyayya, da ruwa garai-garai a ciki, saman ya yi yamutse-yamutse, in mutum ya tashi tsaye sai ruwan ya gangara ƙasan bororon. Riga ta goge shi ko mutum ya juya a barci, shi ke nan ya fashe, ya bar fili ja mai tsatsafo da ruwa, gefensa da ragowar fata a naɗe. Mai ciwon a baya yakan farka da safe ya ji zanin gado ya manne masa, in ya yunƙura da ƙarfi fata ta biyo zanin. Mikin ya fi zugi da raɗaɗi a kan ƙaiƙayi, kuma maimakon ya tsuke sai ya riƙa faɗaɗa ta gefe.

Akwai gwajin da likitoci ke yi a gefen gado: su murza fatar da ke kusa da mikin da yatsa a hankali, sai saman ya saɓule. Ana kiransa alamar Nikolski, sunan likitan Rasha da ya bayyana ta a ƙarshen ƙarni na 19. Tana nuna ciwon yana kan ganiyarsa, amma ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

To yaya ake tabbatarwa?

Da yankan ɗan ƙaramin yanki na fata, galibi guda biyu. Ɗaya daga gefen sabon bororo, a duba a madubin likita a ga inda ƙwayoyin suka rabu. Ɗaya kuma daga fatar da ke kusa wadda ba ta fashe ba, a sa mata wani rini mai haske da ke bayyana antibodi sun kewaye kowace ƙwaya. Sannan a auna jini a ga yawan antibodi masu harin desmogilin 1 da 3. Wannan tantancewa tana da muhimmanci domin akwai wani ciwon mai kama da shi a suna, femfigoid, wanda ya fi kama tsofaffi, bororonsa tauri gare shi ga ƙaiƙayi, tafiyarsa da maganinsa kuma ba ɗaya suke da na femfigus ba.

Ciwon yana kisa?

Wannan ce tambayar da kowa ke riƙe da ita a zuci, kuma amsar gaskiya tana da ɓangare biyu.

Kafin a samu magungunan sitiroid, masu danne garkuwar jiki, a farkon shekarun 1950, femfigus bulgaris ya kasance ciwon ajali ga akasarin masu shi. Kusan kashi 75 cikin 100 suna rasuwa, galibi cikin 'yan shekaru kaɗan. Fata ce ke tsare ruwan jiki da gishirinsa da furotin, ita ke kuma tare ƙwayoyin cuta. In ta buɗe a wurare masu faɗi sai ruwa ya yi ta tsiyaya, baki ya hana ci, jiki ya raunana, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Wanda aka bari ba magani a yau ma hanyar da zai bi ke nan, domin ba ciwo ba ne da ake zama jiran ya wuce da kansa.

Zuwan sitiroid ya sauko da adadin zuwa wajen kashi 30 cikin 100, daga baya da aka ƙware wajen rage yawansa da haɗa shi da wasu magunguna, ya koma ƙasa da kashi 10. Wato mafi yawan waɗanda suka samu magani yadda ya kamata suna rayuwa, su koma aikinsu da iyalinsu. Amma haɗarin bai gushe ba, wuri ya sauya. Yanzu abin da ya fi kashe mai femfigus ba buɗewar fata ba ne, cututtukan da ke samun ƙofa ne saboda maganin ya danne garkuwa, irin su ciwon huhu da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Wani babban bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2008 ya nuna haɗarin mutuwa ga masu femfigus bulgaris ya ninka na sa'o'insu marasa ciwon kusan sau uku. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane me ya sa likita ke ta ƙoƙarin rage magani da zarar fata ta lafa, kuma me ya sa ba a wasa da zazzaɓi a jikin mai wannan jinya.

Bayan an fara magani, wane mataki ake bi?

A 2008 ƙwararrun ciwon daga ƙasashe daban-daban suka amince da ma'anar kowane mataki, kuma yana da kyau majinyaci ya san su don ya san inda yake.

Matakin farko shi ne shawo kan ciwon: sabon bororo ya daina fitowa, tsofaffin mikin su fara rufewa. Ana kaiwa wannan matakin da wani sitiroid mai suna furednisolon, yawanci miligiram 0.5 zuwa 1.5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, gwargwadon tsananin ciwon, kuma galibi cikin 'yan makonni ake ganin canji. Daga nan a riƙe maganin yadda yake har a yi mako biyu ba sabon miki kuma kusan kashi 80 cikin 100 na tsofaffin sun warke. Sai a fara ragewa, kaɗan-kaɗan, cikin watanni. Burin tsakiya shi ne a kai miligiram 10 ko ƙasa da haka a rana jiki na lafiya. Babban buri kuma shi ne lafawa cikakkiya ba tare da magani ba, wato aƙalla wata biyu babu miki ko ɗaya alhali an daina shan komai.

Abu ɗaya da ke karya wa mutane gwiwa: mikin baki ya fi na fata jinkirin warkewa. Fata na iya rufewa tas, dasashi kuwa ya ci gaba da ciwo tsawon watanni. Ba alama ba ce cewa magani ya gaza.

Don a samu rage sitiroid da wuri, akan haɗa shi da wani maganin danne garkuwa kamar azatiyofirin ko maikofenolet. In ciwon ya yi taurin kai akwai ƙarin ruwan antibodi da aka tace daga jinin masu ba da gudummawa, akwai kuma hanyoyin tace jinin majinyacin a cire miyagun antibodin.

Ana ta maganar rituksimab. Me ya canza?

Ya canza abu mai yawa. Sitiroid yana danne garkuwa ne gaba ɗayanta. Shi kuwa rituksimab yana bin ƙwayoyin jini farare nau'in B, waɗanda daga cikinsu masu ƙera antibodi ke fitowa, ya share su na wani lokaci. Ana ba da shi ta jijiya, yawanci miligiram 1000 sau biyu da tazarar mako biyu, daga baya a iya ƙara miligiram 500 bayan shekara ɗaya da kuma bayan wata shida-shida.

Gwajin da ya sauya ra'ayin likitoci an yi shi ne a Faransa ƙarƙashin jagorancin Pascal Joly, aka wallafa a mujallar Lancet a 2017. Majinyata 90 ne sabbin kamuwa. Bayan shekara biyu, kashi 89 cikin 100 na waɗanda aka ba rituksimab tare da sitiroid na ɗan gajeren lokaci sun samu lafawa cikakkiya ba sa shan magani, a ɗaya ɓangaren da aka ba sitiroid kaɗai kuwa kashi 34 ne. Jimillar sitiroid da rukunin farko ya sha kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da rukuni na biyu ya sha, munanan illoli ma sun fi ƙaranci a wurinsu. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don femfigus bulgaris matsakaici da mai tsanani. Wani gwajin da aka wallafa a 2021 ya gwada shi da maikofenolet: bayan shekara ɗaya, kashi 40 cikin 100 suka samu lafawa mai ɗorewa da rituksimab, kashi 10 da maikofenolet.

Sai dai ba ya aiki nan take. Yana hana ƙera sabbin antibodi ne, tsofaffin da ke yawo a jini kuwa sai sun ƙare da kansu, shi ya sa akan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninsa sosai, kuma shi ya sa ake riƙe mutum da sitiroid a tsakani. Kafin a ba shi dole a gwada ciwon hanta nau'in B, domin yana iya tayar da wanda ya kwanta a jiki har ya lalata hanta. Allurar rigakafin da mutum ke buƙata ma an fi so a yi ta makonni kafin a fara.

Zan warke gaba ɗaya, ko magani ne har abada?

Likitoci sun fi amfani da kalmar lafawa a kan warkewa, domin karkatar garkuwar ba ta fita daga jiki. Amma lafawar na iya ɗaukar shekaru masu yawa, wasu ma ba ya sake dawo musu. Tun kafin zamanin rituksimab, wani bincike da aka wallafa a 2000, wanda ya bi majinyata 40 na tsawon lokaci, ya samu cewa kashi 25 cikin 100 sun kai lafawa mai ɗorewa ba magani bayan shekara 2, kashi 50 bayan shekara 5, kashi 75 bayan shekara 10. Majinyatan ba su da yawa, amma hoton da binciken ya bayar ya dace da abin da likitoci ke gani: ciwon ya fi zafi a shekarunsa na farko, yana kuma yin sanyi da tafiyar lokaci. Waɗanda ciwonsu ya fara da sauƙi kuma ya amsa magani da wuri su suka fi saurin kaiwa.

Saboda haka wanda ke cikin shekararsa ta farko, yana jin kamar haka zai dawwama, ya sani cewa yana cikin zangon da ya fi wuya ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan ya dawo fa?

Dawowa abu ne da ake sa rai da shi, har ga waɗanda suka samu rituksimab, domin ƙwayoyin B suna sake tsirowa bayan wata shida zuwa shekara ɗaya. Ƙa'idar ƙwararru ita ce: sabbin miki uku ko fiye cikin wata guda waɗanda ba su warke da kansu cikin mako ba, ko tsohon miki ya fara faɗaɗa. Ɗan miki ɗaya da ya fito ya rufe cikin kwana kaɗan bai kai a kira shi dawowa ba, kuma sau da yawa man sitiroid mai ƙarfi ya ishe shi.

Abin da ya fi jawo dawowa shi ne rage magani da gaggawa ko daina shi ba da sanin likita ba. Akwai kuma zafin rana mai tsanani, musamman a foliyashiyus, da rauni a fata, da aikin haƙori ko tiyata, da wasu cututtuka, majinyata da yawa kuma suna danganta tashin nasu da lokutan damuwa. Gwajin jini yana taimakawa: hauhawar antibodi masu harin desmogilin 1 tana yawan tafiya da tashin ciwo a fata. Na desmogilin 3 kuwa suna iya zama a sama alhali baki lafiya ƙalau, don haka likita ba ya ƙara magani saboda takardar gwaji kaɗai.

Wani abin lura: miki da ya ƙi warkewa ko ya ƙara zugi farat ɗaya ba lallai femfigus ne ya tashi ba. Ƙwayar cutar hafis, mai fito da ƙananan ƙuraje a leɓe ko al'aura, tana son hawa kan fatar da ta buɗe, haka fumfuna a baki. In aka ɗauke su a matsayin dawowa aka ƙara danne garkuwa, an ƙara wa wuta mai. Shi ya sa ake ɗiban ruwan mikin a gwada.

Na ji sauƙi, ga kuma illar magani ta dame ni. Me zai hana in daina?

Wannan damuwa ce ta gaske, ba shagwaɓa ba. Doguwar shan sitiroid tana kumbura fuska, ta ƙara ƙiba a ciki da wuya, ta tayar da suga da hawan jini, ta zaizaye ƙashi, ta kawo yanar ido, ta hana barci, ta sauya hali. Wanda ya kalli madubi bai gane kansa ba yana da hujjar ƙosawa.

Amma dainawa farat ɗaya tana da haɗari biyu. Na farko, ciwon ya dawo da ƙarfin da zai sa a koma babban adadi daga farko. Na biyu ya fi gaggawa: akwai wasu ƙananan halittu biyu a saman ƙoda masu samar da sinadarin kotisol, waɗanda ke yin barci idan mutum ya daɗe yana shan sitiroid. In aka yanke maganin kafin su farfaɗo, jini na iya faɗuwa, mutum ya yi ta amai, ya suma, har rai ya salwanta. Hanyar da ta dace ita ce a gaya wa likita illar dalla-dalla. Yana da abin yi: saurin ragewa cikin tsari, ƙara wani magani, ba da kalsiyam da bitamin D da maganin kare ƙashi, sa ido kan suga da jini da ido. Kumburin fuska da ƙibar kuma suna raguwa yayin da adadin ke sauka.

Wa ciwon ya fi yi wa tsanani?

Wanda ya haura shekara 65, da wanda ciwon ya riga ya mamaye jiki kafin a gano shi, da mai ciwon suga ko zuciya ko ƙoda tun da farko, da wanda sai da babban adadin sitiroid aka shawo kan nasa. Wanda ciwon ya kama baki da fata a haɗe yakan fi wanda ya tsaya wuri ɗaya wahala. Daga cikin waɗannan duka, jinkirin ganowa ne kaɗai ke hannun mutane.

Mene ne alaƙarsa da ciwon daji?

Femfigus na yau da kullum ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗa ya zama ciwon daji. Amma akwai wani nau'i na daban, wanda wani likitan fata a Amurka mai suna Anhalt da abokan aikinsa suka bayyana a 1990, da ke tasowa saboda wani ƙari a jiki, galibi kansar ƙwayoyin jini farare, ko cutar Castleman mai kumbura kaluluwa, ko ƙarin da ke fitowa a wata halitta ta bayan ƙashin ƙirji. Alamarsa miki mai tsanani a baki da leɓe, leɓen ya yi ɓawon jini, ga jan ido, kuma ba ya jin magani kamar sauran. Yana iya toshe ƙananan hanyoyin iska a huhu, wanda shi ne mafi munin abin da yake yi. Mace-mace a wannan nau'in suna da yawa, sai dai inda ƙarin ya kasance mai ciruwa da tiyata ana samun sauƙi sosai. Nau'i ne da ba a cika gani ba ko a cikin masu femfigus, gwajin fata da na jini kuma suna bambance shi.

Zai bar tabo?

Galibi a'a, domin rabuwar ba ta kai zurfin fata ba. Abin da yake bari shi ne duhu-duhu a inda miki ya warke, wanda ya fi fitowa a baƙar fata kuma yakan ɗauki watanni kafin ya dusashe. Tabo na gaske yana zuwa ne in mikin ya ruɓe ko an yi ta ɓamɓare shi. Man bilicin ba ya gyara wannan duhun, ƙara raunana fatar yake yi.

Mace mai femfigus za ta iya ɗaukar ciki?

Za ta iya, amma da shiri. An fi so cikin ya zo lokacin da ciwon ya lafa. Magungunan danne garkuwa maikofenolet da metotireksat da saikulofosfamid suna iya nakasa ɗan tayi, dole a daina su a sauya tun kafin ciki, bayan rituksimab kuma ana shawartar a jira shekara ɗaya. Furednisolon shi aka fi dogara da shi a lokacin goyon ciki. Antibodin uwa na iya ratsa mabiyiya, a haifi jariri da 'yan bororo, amma wannan na ɗan lokaci ne: jaririn ba shi ke ƙera su ba, cikin 'yan makonni suke ƙarewa fatarsa ta warke.

Yaya za a kula da miki a gida?

Da tausasawa. A wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a tsane da tawul mai laushi ba tare da gogawa ba. A rufe da bandeji marar mannewa ko wanda aka shafa wa basilin, kada filasta ta taɓa fata kai tsaye, domin cire ta na tafiya da fatar. In tufa ko bandeji ya manne, a jiƙa shi sosai a jira har ya saki da kansa, kada a fizge. Ba a cire rufin bororon da ya fashe, shi ne murfin mikin. Tufafi su zama masu laushi, sakakku.

Baki kuma yana buƙatar tsafta duk da ciwon, domin dattin haƙori na ƙara rura dasashi. Buroshi mai taushi ƙwarai, abin kurkure baki marar barasa, abinci mai laushi marar yaji da tsami kuma wanda ya huce. Akwai maganin kashe zafi da ake kurkurawa kafin cin abinci, a tambayi likita. Rama ba ƙaramin abu ba ce a wannan ciwo, jikin da ba ya samun furotin ba ya rufe miki.

Damuwa da ƙunci fa, su ma daga ciwon ne?

Daga ciwon ne, daga maganin ne, daga kuma yadda mutane ke kallon mai shi. Wanda ba ya iya ci ko magana ba zafi, ga mutane na ja da baya, ga sitiroid na hana barci, ba mamaki zuciyarsa ta yi nauyi. A faɗa wa likita kamar yadda ake faɗin miki. Iyali kuma su sani cewa zama kusa da shi da taya shi canza bandeji wani ɓangare ne na jinyar.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su?

Zazzaɓi ko rawar sanyi a jikin mai shan maganin danne garkuwa, ko da bai yi tsanani ba, domin sitiroid na ɓoye alamun cuta. Tari ko sarƙewar numfashi. Miki da ya fara wari ko fitar da mugunya, ko jan da ke bazuwa a gefensa. Bororo masu yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kasa haɗiye ruwa, raguwar fitsari, jiri. Ciwon ido ko dusashewar gani. Amai da ya hana maganin zama a ciki, tun da wannan daidai yake da daina shi farat ɗaya. Haka kuma cuɗanya da mai ƙarambau ko ƙyanda ga wanda bai taɓa yi ba. Kowanne daga cikin waɗannan, a je asibiti a ranar, a kuma tafi da jerin magungunan da ake sha.

In na samu lafawa cikakkiya, shi ke nan na gama da asibiti?

Tazarar ganin likita za ta ƙaru, daga makonni zuwa watanni, daga baya ma wataƙila sau ɗaya ko biyu a shekara, amma ba a yanke ta. Ana ci gaba da duba baki da fatar kai, inda ciwon ya fi son sake ɓullowa, wani lokaci a auna antibodi, a kuma bi sawun abin da sitiroid ya bari a ƙashi da ido da suga. Duk likitan da zai rubuta maka sabon magani, ko likitan haƙori, ko mai tiyata, a sanar da shi tarihin femfigus da ranar da aka yi rituksimab na ƙarshe. In kuma wani miki ya fito a baki ya haura mako bai rufe ba, a kira likitan fata a lokacin, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.